Kunyar da Ta Kayar da Hanifa

Kafin motar da ta ɗauko Hanifa daga Argungu ta shigo Birnin Kebbi, labarinta ya riga ta isa unguwarsu Badariya, har ya sha ruwa ya huta.

Wasu suka ce iska ne suka tashi a kanta a tsakiyar taron suna. Wasu suka ce farfaɗiya ce, da ma dangi sun daɗe suna rufa-rufa. Wata mai sayar da daddawa, wadda ko hanyar Argungu ba ta sani ba, ta rantse har da dafa ƙirji wai yarinyar da muryar namiji ta yi magana. Mutanen Badariya ke nan, Allah Ya bar mu tare. Ka yi tuntuɓe a ƙofar gida, kafin ka miƙe an ce mota ta take ka.

Gaskiyar maganar kuwa ba ta wuce loma guda ba.

Hanifa ɗiyar Malam Ummaru ce, uwarta ta rasu tun tana goye, Goggonta ta raine ta. Shekara uku ke nan da aka gano sukarin jininta ba ya zama wuri ɗaya. In ta jima ba ta ci ba sai ya faɗi, hannu ya kama rawa, zufa ta keto, ido ya yi duhu, harshe ya sarƙe. Cecilia ce ta kai ta aka auna, nas ɗin nan 'yar Kagoro da ke zaune a Gesse, wadda kowa ke kira Maman Shekinah, Hanifa ke yi mata ɗinki. Ita ta rubuta mata tsarin ci a bayan tsohuwar kalanda. A ci kaɗan-kaɗan, duk bayan awa uku. Da safe ƙosai ko ƙwai da kunun gyaɗa ba sukari. Da hantsi gyaɗa ko nono. Da rana shinkafa kaɗan, wake da yawa, kifi da zogale. Ban da koko mai zaƙi shi kaɗai, ban da zallan farar shinkafa, don su ne ke ɗaga sukarin sama su sako shi kamar gugan da igiyarsa ta tsinke. Dabino uku da 'yar kwalbar zuma kuwa, ko makewayi za ta, su bi ta.

Abbas ya san duk wannan. Shi ne mai injin casar shinkafa a Argungu, wanda aka sa musu ranar aure da ita, saura wata biyu. Har ƙararrawa ya saita a wayarsa, in ta buga ya kira ta, ya ce, "Uwar guzuri, an ci kuwa?" Abu ɗaya ya bari bai yi ba: bai gaya wa mahaifiyarsa, Hajiya Zainabu, ba. Wai bari a ɗaura tukuna. Maza da bari-bari.

Ranar sunan Asiya, ƙanwar Abbas da ta zo haihuwar fari gida, Hanifa ta yi kwalliya ta rataya jaka. Goggo ta tare ta a bakin ƙofa ta zuge jakar.

"Mi na wanga?"

"Guzurina ne, Goggo."

"Gidan surukai za ki da dabino da gyaɗa, kamar mai tafiya Makka a ƙasa? Ki buɗe jaka a gani, a ce Ummaru ba ya ci da ke? Shekara tara na yi da uwar mijina, ba ta taɓa ganin haƙorina bisa tuwo ba. Ɗiyar mutunci ba ta ci gaban suruka. Ko ruwa ne, sai ta juya baya."

"Goggo, ko dabinon kawai."

"Ba kin karya ba? Yunwar yini guda ba ta taɓa kashe kowa ba. Sangarta ce wagga nas ta koya miki."

Ta juye komai a faranti, har da kwalbar zumar, ta miƙa mata jaka wayam, suka kama hanya tare.

Da a ce a Argungu an bar Hanifa cikin 'yan mata, da ta samu lungu ta ci waina ba wanda ya gani. To, karamci ne ya cuce ta. Hajiya Zainabu ta ja hannunta zuwa ɗakinta, ta shimfiɗa mata darduma a gaban gado, cikin tsofaffin dangi. Aka jera mata kwanoni: tuwon shinkafa, miyar giwan ruwa tana ta ƙamshi, waina, fura.

"Ci mana, ɗiyata."

"Na ƙoshi, Hajiya."

Tsofaffi suka kaɗa kai. "Kai, wagga ta san kunya. Zainabu, kin yi dace." Duk yabon da aka yi mata sai ya ƙara wa bakinta kwaɗo. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Ta ɓoye hannuwanta cikin mayafi don kada a ga rawarsu. Ta dubi Goggo, Goggo ta zare mata ido.

Dab da la'asar ta miƙe za ta yi alwala. Abin da ya biyo baya sai gaya mata aka yi. Wai ta kama zanen Hajiya tana kiranta Inna, tana cewa me ya sa kika tafi kika bar ni. Wai ta yi fatali da kwanon miya. Sannan ta zube, zufa ta jiƙa ta sharkaf.

Mata suka fashe da salati. Wannan ta ɗauko garwashi da turaren hayaƙi, waccan ta kama tofi. Abbas yana rumfar maza ya ji ihun. Ya keto cikin matan nan ko takalmi bai cire ba, yana cewa, "Zuma! Ku ba ni zuma!" Ya lakato da yatsa ya shafa mata a cikin kumatu, a gaban uwarsa, a gaban dangi kaf, yarinyar da ba a ɗaura musu aure ba. Da ta buɗe ido ya ba ta fura da hannunsa.

Hajiya Zainabu tana jingine da bango, fuskarta kamar toka. Tana nan a haka har aka sa Hanifa a mota.

Kwana huɗu Abbas bai zo ba. Ran na biyar bayan la'asar ya yi sallama a zaure. Hanifa ta fito ta same shi ya rame, hular ma a karkace. Ta zauna nesa da shi.

"Ya jiki?"

"Da sauƙi. Faɗi abin da ya kawo ka, Yaya Abbas. Na gani a fuskarka."

Ya daɗe yana murza makullin babur. "Hajiya ta ce a dakata."

"A dakata, ko a fasa?"

Ya kau da kai. Hawayen da ta kwana huɗu tana riƙo suka sauko.

"Ba ka gaya mata ba ne? Ba ka ce mata yunwa ce kawai ba?"

"Na gaya mata, wallahi. Na ce sukari ne, na ce likita ya auna. Ta ce kowane zamani da sunan da yake ba iska. Ta ce ta taɓa ganin irinsa da idonta, ta san inda yake ƙarewa, ba za a sake fitar da gawa daga ɗakinta ba."

"Wace gawa?"

"Muna da yaya, ita ce ta fari. Ina ɗan shekara bakwai ta rasu. Ba a zancenta a gidanmu. Abin da nake tunawa kawai hayaƙi ne, ɗaki cike da hayaƙi, da Hajiya ta ce in fita waje."

Hanifa ta share ido da bakin mayafi. "Da ka gaya mata tun farko, da ba ta fara ganina a ƙasa ba. Na roƙe ka sau nawa? Ka ce bari. Yanzu ga bari ta haifa mana."

"Tsoro na ji, Hanifa. Na ji tsoron a raba mu."

"To ai an raba."

"Ba a raba ba! Ina raye ba a raba ba." Ya sunkuyar da kai. "Sai dai Kawu Abdussamadu na Augie ya zo har sau biyu. Yayan Hajiya ne. Yana zancen ɗiyarsa Nana Aisha."

Ta yi wata 'yar dariya mai ciwo. "Ita lafiyarta lau, ko? Tana iya yini ba ci, a yabe ta. Je ka, Yaya Abbas. Wa zai so matar da ake ciyarwa kamar jinjiri, tana tafe da kwano? Uwa ba ta da canji. Ni ana samun irina, har da waɗanda sunka fi ni."

"Ki daina faɗin haka, don Allah."

"Gaskiya ce."

"Ko sau goma za ki ci a rana, ni mai shinkafa ne. Mi na nawa in ba ciyarwa ba?"

Ana cikin haka wayarsa ta ɗauki ƙara a aljihu. Ƙararrawar ƙarfe biyar ce, bai goge ta ba. Suka dubi juna. Ya sa hannu a ɗaya aljihun ya fito da ƙullin gyaɗa, ya ajiye a tabarma tsakaninsu.

"Ci," ya ce. "Ko kin tsane ni, ci."

Nan fa kuka ya ƙwace mata gaba ɗaya. Tana kuka tana ɓare gyaɗa, shi yana kuka yana kallonta. Goggo, wadda ke laɓe bayan ƙyaure tun farkon zancen, ita ma ta toshe baki da zane.

'Yan mata in soyayya ta juya musu baya sai su ƙaurace wa abinci, su kwanta su rame, a taru ana lallashi. Hanifa ko wannan gatan ba ta da shi. Ta gwada yini guda, aka tsince ta a gindin keken ɗinki. Maman Shekinah ta iso daga Gesse da kayan aikinta a jiki, ta auna ta, ta dubi Goggo.

"Goggo, ke kika cire mata zuma ranar nan?"

"Mu haka munka tashi, Maman Shekinah. Kunya ado ce."

"Adon ya yi kyau, saura kaɗan ki sa mata shi da likkafani. Jini bai san suruka ba, Goggo. A ce sarki ne ma a zaune, in lokaci ya yi ta ci." Ta juya ga Hanifa. "Ke kuma, in kin kashe kanki da yunwa, ce musu kika yi sun yi gaskiya. Tashi ki ci waken nan ina kallo."

Goggo ba ta tanka ba, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka kafa Badariya.

Maganar nan ta zauna wa Hanifa a rai. Hajiya ta ga faɗuwarta. Ba ta taɓa ganin yadda ake tare abin tun bai kayar da ita ba. To ta nuna mata mana. Amma duk safiyar da ta ɗauki mayafi sai kunya ta riƙe mata ƙafa. Ita, ta je gidan da aka ce ba a son ta, ta buɗe baki ta tauna a gaban uwar Abbas? Yau ta ce gobe, gobe ta ce jibi, har kwana takwas.

Ran na tara ta fito da shirin tafiya, ta tarar da Goggo zaune da jakarta a cinya. Ta zaci za a sake juye mata ita. Sai ta ga tsohuwar na cusa abubuwa ciki: dabino, kwalbar zuma, da ɗan kwano mai murfi na wake da kifi.

"Mi kike kallo? Wuce mu tafi, rana na yi. Ni na zubar, ni za ni kwashe."

A Argungu sun iske Hajiya Zainabu ita kaɗai a ɗaki, tana tsintar shinkafa a faifai. Ta amsa gaisuwa ba yabo ba fallasa. Ta sa aka kawo ruwa. Darduma dai ba a shimfiɗa ba, tabarma aka nuna musu.

Agogon bango ya wuce sha ɗaya. Hanifa ta ji abin ya fara tasowa, wannan sanyin da ke bin bayan wuya. Maimakon ta ɓoye hannuwanta, sai ta fito da su daga mayafi ta miƙa.

"Hajiya, ki gafarce ni. Dubi hannuna."

Yatsun na kaɗawa kamar ganyen da iska ke bugu. Hajiya ta ja da baya, faifan ya karkace, shinkafa ta zube.

"Kada ki ji tsoro. Ki duba kawai."

Ta buɗe jaka ta ɗauki dabino. Ta yi bisimilla ta kai baki, a gaban uwar Abbas, ido na ganin ido. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska tana salati ƙasa-ƙasa. Na ɗaya, na biyu, na uku. Hawaye na zuba, tana taunawa. Ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan rana ba, ji take kamar ta tuɓe a kasuwa. Ta sake miƙa hannun ta bar shi a miƙe.

Hajiya ta zuba masa ido. Sannu a hankali rawar ta ragu, ta ragu, har yatsun suka tsaya cak.

"Shi ke nan?" in ji Hajiya, da wata murya da ba tata ba.

"Shi ke nan. Sai in bi shi da abinci mai riƙe ciki, don kada ya dawo."

Hajiya ta matso. "Zufa na keto miki ko ana sanyi?"

"Eh, Hajiya."

"Kina faɗa da mutane, kina surutai, in kin dawo ba ki san kin yi ba?"

"Haka ake gaya mini."

"Da sassafe ya fi tsanani? Kafin a karya?"

"Eh."

"In kinka ci, sai ya tafi." Wannan ba tambaya ba ce. Hajiya ta dafa ƙasa da hannu biyu kamar mai jin jiri. "Haka take. Haka take yi. In ta ci sai ta warware, ta tashi tana wasa. Sai anka ce mana ai mutanen kanta ne ke neman abinci, in muna ba su ba za su tafi ba. Anka ce a hana ta ci kwana biyu, sai hayaƙi. Shekararta goma sha biyu. Tana kama zanena tana cewa, Inna, ko ɗan ƙanzo. Ni na ɓamɓare hannunta. Ni da kaina."

"Hajiya..."

"Akwai zuma ɗakin ga ranar. Cikin kwalba, can bisa, bayan kwanoni. Ina ɓoyonta don baƙi."

Ta ɗaga kai ta dubi wurin, kamar har yanzu kwalbar na nan. Sannan ta buɗe baki ta kira sunan da ba ta taɓa kira ba, don 'yar fari ce, kunya ba ta bari ba ko ranar da aka haife ta, ko ranar da aka fita da ita.

"Ni'imatullahi. Wayyo, Ni'imatullahi."

Goggo ta sauke mayafi, fuskarta jage-jage. Hanifa ta rarrafa ta riƙe ƙafafun Hajiya.

"Allah ne masani, Hajiya. Ni ba likita ba ce, ban san ko irin nawa ne ba. Kwananta ne ya ƙare. Ba ki sani ba, wallahi ba ki sani ba."

Suka daɗe a haka. Da kukan ya lafa, Hajiya ta ɗago fuskar Hanifa da tafin hannu, ta dube ta kamar yau ta fara ganinta.

"Mi ya hana ki zo jiya da safe?"

"Jiya, Hajiya?" in ji Hanifa.

"Jiya da la'asar anka kai goro Augie. Yayana ya karɓa, an yi fatiha gaban mutane. Yaron nan ya ƙi zuwa, tun jiya bai shigo gidan ga ba, amma ubansa ya aika. Ni na matsa aka aika." Ta girgiza kai. "Ke kin makara da kwana ɗaya, ɗiyata. Ni na makara da shekara ashirin da ɗaya."

Kwana takwas ɗin nan suka dawo wa Hanifa ɗaya bayan ɗaya, kowace safiya da mayafinta a hannu.

Sai ga guɗa daga ƙofar gida. Mota ta tsaya, mata na sauke kwanoni suna raha. Mutanen Augie ne, sun kawo tukwicin goro, matar Kawu Abdussamadu a gaba tana kiran, "Ina uwar ango? A fito a tarbe mu!"

Hanifa ta yunƙura za ta tashi, tana laluben jakarta. Hajiya ta danne mata kafaɗa. Ta jawo ɗan kwanon wake da kifi, ta buɗe murfin da hannunta, ta ajiye mata a cinya.

"Ba kin ce sai an bi shi da abinci ba? Cinye."

"Hajiya, baƙinki..."

"Na ce cinye."

Ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta goge fuska. Takun matan ya iso tsakar gida, har inuwarsu ta faɗo kan labule. Hajiya Zainabu ta tsaya a bakin ƙofa, ta riƙe labulen ta baya da hannu ɗaya, ta tare hanya da jikinta.

"Ku dakata nan," ta ce. "Ɗiyata na cin abinci."

Guɗar ta yanke. A cikin ɗaki Hanifa ta kai loma baki, hawaye na sauka cikin kwano, tana ci.